Jami'o'in da jikokin bayi suka gina a Amurka: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da watan Fabrairu, watan tarihin baƙar fata a Amurka, ya kama, ko lokacin yaye ɗalibai ya zo a watan Mayu, sai hotuna su cika Facebook: samari da 'yan mata baƙaƙen fata a Amurka cikin rigar kammala karatu, an rataya ƙyallen kente a wuya, kakanni suna hawaye a gefe. Mai kallo daga nesa zai iya cewa wai digiri ɗaya ne ake wa wannan ɗoki haka? Amsar tana cikin tarihin makarantun da yawancin waɗannan yara suka fito, da kuma yadda aka yi har suka samu.

Wai mece ce HBCU ɗin nan da ake yawan ambato?

Taƙaitaccen suna ne na Turanci da ake kiran kwalejoji da jami'o'in da aka kafa tun asali domin ilmantar da baƙaƙen fatar Amurka. Dokar ilimi mai zurfi ta 1965 ce ta shata iyakar: sai makarantar da aka kafa kafin 1964, wadda kuma babban dalilin kafa ta shi ne karantar da baƙar fata. Saboda haka ko yau aka buɗe jami'a ta cika maƙil da baƙaƙe, ba za ta sami wannan suna ba. Yanzu sun kai kimanin 100, a jihohi 19 da birnin Washington da tsibiran Virgin, galibinsu a kudancin ƙasar inda bauta ta fi kafuwa. Kusan rabinsu na gwamnatocin jihohi ne, sauran masu zaman kansu. Duka-duka ba su wuce kashi 3 cikin 100 na manyan makarantun Amurka ba.

Me ya sa sai da suka gina nasu daban?

Saboda an rufe musu ƙofa, kuma da doka aka rufe ta. Tun 1740 South Carolina ta haramta koya wa bawa rubutu. Wajen 1830, musamman bayan tawayen bayi da Nat Turner ya jagoranta a 1831, jihohin kudu da dama suka tsaurara: a kama ka kana koya wa bawa karatu, tara ce ko kurkuku idan kai Bature ne, bulala idan baƙi ne. Masu bayi ba wawaye ba ne. Sun san bawan da ya iya rubutu zai iya rubuta wa kansa takardar izinin fita, zai karanta jarida ya san abin da duniya ke ciki.

Da yaƙin basasa ya ƙare a 1865, mutum kusan miliyan 4 suka wayi gari 'yantattu, ba gona ba jari, kuma ƙidayar 1870 ta nuna kimanin takwas cikin goma ba su iya karatu ba. Abin da shaidun wancan zamani suka fi ambato shi ne ƙishin karatun da suka gani: tsoho mai furfura da jikansa a benci ɗaya, wanda ya koyi baƙi goma da safe ya koyar da su da dare. A Hampton da ke Virginia, tun 1861 wata baƙar mace mai suna Mary Peake take tara bayin da suka gudo tana karantar da su a gindin wata babbar bishiya. Bishiyar tana nan har yau a harabar Jami'ar Hampton, kuma a ƙarƙashinta aka karanta wa mutanen yankin shelar 'yanta bayi a 1863.

Don haka kada sunan "jami'a" ya ruɗi mai karatu. Yawancinsu a shekarun farko aikin firamare da sakandare suke yi, domin babu ɗalibin da ya kai matakin digiri. Sai da suka gina tsanin tun daga matakalar ƙasa. Abin da suka fi yayewa kuwa malaman makaranta ne, waɗanda suka bazu ƙauyukan kudu. Zuwa 1910 rashin iya karatu a tsakanin baƙaƙe ya sauko zuwa kimanin kashi 30 cikin 100. A ganina wannan shi ne babban aikin da waɗannan makarantu suka yi, ko da yake ba shi ake buga wa ganga ba, tunda malamin ƙauye ba ya shiga jarida.

Sannan a 1896 Kotun Ƙoli ta halatta wariya muddin wai an yi adalci tsakanin ɓangarorin biyu. Adalcin bai taɓa zuwa ba, wariyar ce kawai ta tabbata.

Wace ce ta farko a cikinsu?

Makarantu uku ke jayayya, kowace da hujjarta. Cheyney ta jihar Pennsylvania ta fi tsufa, 1837, da wasiyyar dala 10,000 da wani Bature Richard Humphreys ya bari. Lincoln, ita ma a Pennsylvania, 1854, ita ta fara ba da digiri. Wilberforce ta Ohio, 1856, ita ce ta fara zama mallakar baƙaƙe da kansu, bayan cocinsu ya saye ta a 1863 aka naɗa Bishop Daniel Payne shugaba. Sauran manyan, irin su Fisk a 1866, Howard da Morehouse a 1867, Hampton a 1868, duk bayan yaƙi suka zo.

Mutanen da suka fito daga bauta ba ko sisi, ina suka sami kuɗin gina jami'a?

Daga wurare huɗu: ƙungiyoyin mishan na arewacin Amurka, hukumar da gwamnati ta kafa don kula da 'yantattun bayi, cocin baƙaƙe, sai kuma gumin ɗaliban kansu. Jami'ar Howard ma sunan shugaban waccan hukuma ta ci, Janar Oliver Howard, Bature ne. Ba a ɓoye wannan: Turawa masu zuciya sun ba da gudummawa, kuma shekaru da dama su ke shugabanci. Howard ba ta sami shugaba baƙi ba sai 1926, Lincoln sai 1945.

Amma labaran da suka fi zama a zuciya na gumin ne. Fisk da ke Nashville ta fara ne a tsofaffin barikokin soja na katako. Zuwa 1871 bashi ya kai mata iya wuya, rufi na yoyo, abinci na neman gagara. Ma'ajin makarantar, George White, ya kwashi kusan duk abin da ya rage a asusu ya fita da ɗalibai tara ranar 6 ga Oktoba, su je su yi waƙa su samo kuɗi. Yawancinsu an haife su cikin bauta. Da farko waƙoƙin Turawa suke rerawa, ba a kula su ba, masaukai suna korarsu cikin sanyi. Sai da suka fara rera waƙoƙin addu'a na iyayensu, waɗanda ake yi a gonakin auduga, waɗanda su kansu suke jin nauyin fitar da su gaban baƙi, sannan jama'a suka miƙa wuya. A 1873 suka ƙetara Ingila har suka yi waƙa gaban Sarauniya Victoria. Kuɗin da suka tara ya sayi fili ya gina katafaren bene da aka buɗe a 1876, yana nan tsaye, ɗalibai na kwana a ciki. Har gobe Fisk na bikin ranar 6 ga Oktoba.

Spelman ta 'yan mata a Atlanta ta fara a 1881 a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani coci, da ɗalibai 11 da dala 100.

Tuskegee kuwa, a wannan shekarar dai, jihar Alabama ta ware dala 2,000 a shekara don albashin malamai, amma ba fili ba gini. Booker T. Washington, saurayi ɗan shekara 25, ya fara da ɗalibai 30 a wata rumfa da ke yoyo, har akan sami ɗalibi ya riƙe masa lema yana koyarwa. Da suka sami tsohuwar gona, ya ce su za su yi tubalinsu da hannunsu. Sau uku matoyar tana rushewa, kuɗi suka ƙare, ya kai agogonsa jingina ya karɓo dala 15 aka gina ta huɗu, ita ce ta yi. Ɗaliban da suka zo da tunanin sun rabu da laka har abada ba su ji daɗi ba, wasu suka tattara komatsansu. Waɗanda suka tsaya su suka gina ajujuwan da suka zauna ciki, har Turawan garin suka koma sayen tubali a wurinsu. Lokacin rasuwar Washington a 1915 makarantar na da gine-gine sama da 100.

Ana yawan haɗa sunan Booker T. Washington da Du Bois. Me ya haɗa su faɗa?

Tambayar da har yau ba a gama amsa ta ba a ko'ina: talaka ya koyi sana'a ne ko ya yi boko mai zurfi? Washington an haife shi bawa, ya yi aikin haƙar gishiri da kwal yana yaro, ya yi tafiyar kusan mil 500 zuwa Hampton, jarrabawar shigarsa kuwa sharar aji ce. Shi a wurinsa baƙi ya fara mallakar gona da sana'a, ya iya gini da ƙira da ɗinki, maganar ƙuri'a da daidaito ta biyo baya. A jawabinsa na Atlanta a 1895 ya faɗi haka a gaban Turawa, suka yi ta tafi, masu kuɗinsu suka buɗe masa aljihu.

W.E.B. Du Bois ɗan arewa ne, bai taɓa bauta ba. Ya gama Fisk a 1888, ya yi karatu a Jamus, a 1895 ya zama baƙin farko da ya sami digirin digirgir a Harvard. Ya ce al'ummar da ba ta da lauyoyi da likitoci da masana nata, wasu ne za su yi ta yi mata tunani, kuma wanda ba shi da ƙuri'a ko ya mallaki gonar za a iya ƙwace ta. Ya ƙara da wata hujja mai wuyar turewa: su wa ke koyarwa a Tuskegee ɗin in ba waɗanda suka yi boko mai zurfi a irin su Fisk ba?

Mutane sun fi son a ce wane ne gwarzo wane ne maci amana, amma abin bai kai nan sauƙi ba. Bayan mutuwar Washington takardunsa suka nuna cewa a ɓoye yana biyan kuɗin ƙararrakin da ake ƙalubalantar dokokin wariya da su. Mutum ne da ke zaune a tsakiyar Alabama, inda kalma ɗaya za ta iya sa a cinna wa makarantarsa wuta cikin dare. Du Bois yana da gaskiya, Washington kuma yana da makarantar da zai kare.

To me waɗannan jami'o'i suka tsinana da har ake alfahari da su?

Za a iya jero sunaye har gari ya waye. Martin Luther King ya shiga Morehouse yana ɗan shekara 15, ya gama a 1948. Marubuciya Toni Morrison, mai kyautar Nobel ta 1993, 'yar Howard ce, haka Kamala Harris wadda ta gama a 1986. Amma jerin sunaye ba ya nuna yadda makaranta ke aiki. Labari biyu sun fi nunawa.

Na farko tsangayar shari'a ta Howard. A 1929 Charles Hamilton Houston ya karɓi ragamarta, makarantar dare ce ta masu aiki da rana. Ya rufe karatun dare, ya tsaurara jarrabawa, ya yi ta korar malalata, ɗalibai suka tsane shi. Nufinsa ɗaya ne, ya horar da lauyoyin da za su rusa wariya a kotu. Cikin ɗalibansa akwai Thurgood Marshall, wanda jami'ar jiharsa ta Maryland ba ta karɓar baƙi, don haka kullum sai ya hau jirgin ƙasa daga Baltimore zuwa Washington, mahaifiyarsa kuma ta jinginar da zobban aurenta ta biya masa kuɗin shiga. Ya gama a 1933 yana kan gaba a ajinsu. Ba a yi shekara uku ba shi da malaminsa suka maka Jami'ar Maryland ɗin a kotu suka tilasta mata karɓar ɗalibi baƙi. Dabararsu ita ce su fara da karatun gaba da digiri, inda jiha ba za ta iya cewa ta tanadar wa baƙaƙe makamancin na Turawa ba, tunda gina tsangayar shari'a ta biyu tsada ce. Haka suka bi shari'a bayan shari'a, kamar mai cire tubali daga gindin katanga, har ranar 17 ga Mayu 1954 Kotun Ƙoli ta soke wariya a makarantun gwamnati. Houston bai ga ranar ba, ya rasu a 1950. Marshall ya zama alƙali baƙi na farko a kotun a 1967.

Na biyu, ranar 1 ga Fabrairu 1960, 'yan aji ɗaya su huɗu daga jami'ar noma da fasaha ta North Carolina suka shiga kantin Woolworth a Greensboro. Suka sayi 'yan kayayyaki suka riƙe rasit, sannan suka zauna a teburin cin abinci na Turawa zalla suka nemi kofi. Aka ce ba a ba baƙi a nan. Ba su yi musu ba, ba su kuma tashi ba har aka rufe kanti. Washegari suka dawo su fiye da 20, kafin mako ya ƙare sun kai ɗaruruwa, cikin wata biyu abin ya bazu garuruwa sama da 50. A watan Yuli kantin ya sallama. Ɗaya daga cikin huɗun, Ezell Blair, daga baya ya musulunta ya koma Jibreel Khazan.

Ba kullum aka tashi lafiya ba. A 1968 'yan sanda suka harbe matasa uku a harabar kwalejin jihar South Carolina da ke Orangeburg, a 1970 aka kashe biyu a Jackson State.

Kenan kafin 1954 babu baƙin da ya shiga jami'ar Turawa?

Akwai, a arewa, ɗai-ɗai. Alexander Twilight ya gama Middlebury a 1823. Edward Bouchet ya sami digirin digirgir a kimiyyar fiziks daga Yale a 1876, amma babu jami'ar Turawa da ta ɗauke shi aiki, ya shafe shekara 26 yana koyarwa a makarantar baƙaƙe a Philadelphia. Wannan ita ce ribar da makarantun baƙaƙe suka ci daga zaluncin: manyan masanan da aka ƙi ɗauka a wani wuri duk nan suka taru.

A kudu kuwa ko bayan hukuncin kotu sai da aka kai ruwa rana. Shigar James Meredith Jami'ar Mississippi a 1962 sai da aka turo dubban sojoji, mutum biyu suka mutu a tarzomar. A 1963 gwamnan Alabama, George Wallace, da kansa ya tsaya a bakin ƙofa don tare Vivian Malone da James Hood.

Mata fa?

Tun farko suna ciki, mafi yawan makarantun maza da mata suke ɗauka a lokacin da manyan jami'o'in Turawa ba su ko yi mafarkin haka ba. Mary Jane Patterson ta sami digiri a Oberlin a 1862. A 1921 mata uku suka sami digirin digirgir a shekara ɗaya: Georgiana Simpson, Sadie Mossell da Eva Dykes. Katherine Johnson, wadda lissafinta ya taimaka wa hukumar NASA kai mutum sararin samaniya, ta gama West Virginia State tana 'yar shekara 18. Ruth Simmons, 'yar manoman haya daga Texas, autar 'ya'ya 12, ta yi Dillard a New Orleans, a 2001 ta zama shugabar Jami'ar Brown, baƙar fata ta farko da ta shugabanci ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in nan takwas masu ji da kai. A yau mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba a waɗannan makarantu, har ƙarancin samari ya zama abin damuwa.

An ce yawancin likitoci baƙaƙe daga nan suka fito. Haka ne?

Shekaru da dama haka abin yake, amma dalilin ba mai daɗi ba ne. A 1910 aka fitar da rahoton Flexner kan makarantun likitanci, wanda ya sa aka rufe masu rauni. Cikin bakwai na baƙaƙe biyar suka tafi, aka bar Howard da Meharry ta Nashville. Rabin ƙarni waɗannan biyu ke ɗauke da nauyin samar wa miliyoyin mutane likitoci. Yau Xavier ta Louisiana, ƙaramar jami'ar Katolika, tana sahun gaba a duk ƙasar wajen tura ɗalibai baƙaƙe karatun likita.

Akwai tabon da ba a tsallakewa. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta bi ɗaruruwan baƙaƙen manoma masu ciwon tunjere a yankin Tuskegee tana kallon yadda cutar ke cin su ba tare da yi musu magani ba, ko bayan an sami penisilin. An yi amfani da asibitin makarantar da wasu ma'aikatanta. Har yau wannan na cikin abin da ke sa wasu baƙaƙen Amurka ɗari-ɗari da asibiti.

Mu a Afirka, ina ruwanmu da wannan tarihi?

Ruwanmu har wuya. Nnamdi Azikiwe ya je Amurka a 1925, ya bi ta Storer da Howard ya gama a Lincoln a 1930, shekara ɗaya da Thurgood Marshall. A Howard ya zauna ajin William Leo Hansberry, wanda tun 1922 yake koyar da tarihin daulolin Afirka irin su Mali da Songhai, lokacin da manyan jami'o'in Turawa ke cewa Afirka ba ta da tarihi. Bayan an buɗe Jami'ar Nsukka a 1960 bisa tsarin Amurka ba na Ingila ba, daga baya an sa wa cibiyar nazarin Afirka sunan Hansberry. Azikiwe ne kuma ya ƙarfafa wa Kwame Nkrumah gwiwa ya tafi Lincoln, inda ya gama a 1939. Hastings Banda na Malawi a Meharry ya zama likita. James Aggrey na makarantar Achimota ɗan Livingstone ne. Marshall ya taimaka wajen tsara kundin mulkin Kenya a 1960. Du Bois kuwa a Accra ya ƙare rayuwarsa bisa gayyatar Nkrumah, ya rasu ranar 27 ga Agusta 1963, ana gobe babban gangamin neman 'yancin baƙar fata a birnin Washington, kabarinsa na can.

Ba duk alaƙar ce abin tinƙaho ba. A 1901 ƙwararru daga Tuskegee suka isa Togo don bunƙasa noman auduga, amma aikin na Jamusawa 'yan mulkin mallaka ne. Turawan mulki da yawa sun so tsarin Tuskegee saboda suna ganin zai samar musu da leburori masu biyayya maimakon lauyoyi masu baki.

Sai wani da ya fi kusa da mu. Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda Amurkawa suka sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ne a Borno, ɗan wani babban kwamandan Shehu. An sace shi yana yaro aka ƙetara da shi Sahara, ya bi ta Tarabulus da Istanbul da Rasha, ya iso Amurka yana ɗa, ba bawa ba. A 1863 ya shiga rundunar baƙaƙe ta 55 ta Massachusetts, bayan yaƙi kuma ya zagaya jihohin kudu yana koyar da 'ya'yan 'yantattun bayi. Ɗan Borno na cikin malaman da suka aza matakalar farko ta tsanin nan.

Yaya ake gudanar da bukukuwan?

Na Fabrairu ya samo asali ne daga Carter Woodson, ɗan tsofaffin bayi, wanda ya yi aikin haƙar kwal kafin ya sami digirin digirgir a Harvard a 1912. Shi ya ƙirƙiro makon tarihin baƙar fata a 1926, a 1976 gwamnati ta amince ya zama wata guda. A Birtaniya watan Oktoba ake yi.

Amma wanda yake son ganin zuciyar abin ya je bikin dawowar tsofaffin ɗalibai da ake yi da kaka. Gari ne ke cika. Tsoho mai sanda sanye da rigar ajinsu na 1965, 'yarsa da ta gama a 1990, jikarsa 'yar aji biyu, duk a rumfa ɗaya, ana gasa nama a bayan motoci tun hantsi. Akwai wasan ƙwallon Amurka, amma kowa ya san ba don shi aka zo ba, lokacin hutun rabin wasa ake jira: 'yan badujala ɗari biyu ko fiye su shigo fili, masu ganguna na juyi, jagoransu ya lanƙwasa baya har hularsa ta taɓa ƙasa, filin wasa ya ɗauki sowa. Ƙungiyoyin zumunci tara na maza da mata, waɗanda biyar daga ciki a Howard aka kafa su, kowace da launinta da takunta. 'Yan Howard ma "Makka" suke wa makarantarsu laƙabi, wai don ko'ina baƙi yake a duniya zuciyarsa na can. Kunnen Bahaushe zai ji laƙabin da nauyi, su kuwa girmamawa suke nufi.

Kenten da ake ratayawa ranar yaye ɗalibai daga Ghana aka aro shi. Mutumin da bai san garin kakanninsa ba, ya ɗauki ƙyalle ɗaya ya ce daga nahiyar nan nake.

Wannan ba wata wariyar ba ce? Bature zai iya shiga?

Zai iya, kuma tun farko haka ne. Ɗaliban Howard na farko a 1867 'yan mata Turawa ne, 'ya'yan waɗanda suka kafa ta. Yanzu kusan ɗaya cikin huɗu na ɗaliban waɗannan makarantu ba baƙaƙe ba ne, a Bluefield State da West Virginia State ma Turawa ne suka fi yawa.

Tunda yanzu ƙofa a buɗe take ko'ina, me ya rage musu?

Gaskiya buɗe ƙofar ya rage musu kasuwa. A 1976 kashi 18 cikin 100 na ɗalibai baƙaƙe a nan suke, yanzu kusan ɗaya cikin goma ne. Wasu sun rufe, kamar Saint Paul's ta Virginia a 2013. Morris Brown ta Atlanta ta rasa shaidar ingancinta a 2002 saboda badaƙalar kuɗi, ɗalibanta suka watse saura 'yan ƙalilan, sai 2022 ta dawo da ita. Ƙorafin ɗakunan kwana da jinkirin ofisoshi ma ba baƙo ba ne, a 2021 ɗaliban Howard sun yi fiye da wata guda suna kwana a tantuna don nuna fushi.

Duk da haka abin da suke fitarwa ya fi girman jikinsu, musamman a kimiyya da injiniya, alhali mafi yawan ɗalibansu 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, da yawa su ne farkon shiga jami'a a gidansu. Abin da tsofaffin ɗalibai suka fi faɗa shi ne hutu: shekara huɗu ba kai kaɗai ba ne baƙi a aji, in ka faɗi jarrabawa kai ka faɗi, ba launinka ba. Tun da Kotun Ƙoli ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a watan Yunin 2023, masu neman shiga manyansu sun ƙaru.

Kuɗi fa, yanzu sun wadata?

Ina! A nan ne bikin yake ɗan ɗaci. Dokar 1890 ta ce jihar da ta ƙi karɓar baƙaƙe a jami'ar nomanta ta gina musu tasu, ta kuma raba kuɗi bisa adalci. Jami'o'i 19 suka fito daga wannan doka. A 2023 ministocin ilimi da na noma suka rubuta wa gwamnoni 16 cewa tsakanin 1987 da 2020 an tauye wa waɗannan makarantu sama da dala biliyan 12, Tennessee State kaɗai biliyan 2.1. Lura da shekarun, ba zamanin bauta ba ne. Jihar Maryland sai da aka yi shekara 15 ana shari'a kafin ta yarda a 2021 ta biya dala miliyan 577 ga jami'o'inta huɗu.

Waƙafin Howard, wanda ya fi na kowa a cikinsu, bai wuce kimanin dala biliyan 1 ba. Na Harvard ya haura biliyan 50. An sami kyaututtuka masu tsoka: attajiri Robert Smith ya tsaya a bikin yaye ɗaliban Morehouse na 2019 ya ce ya ɗauke bashin karatun ajin gaba ɗaya, kimanin dala miliyan 34, MacKenzie Scott ta raba sama da miliyan 500 a 2020, Spelman ta sami miliyan 100 a 2024. Sai dai kyautar ta fi zuwa wa masu suna. Ƙaramar kwaleji a ƙauyen Mississippi ko Arkansas ba kasafai ake tunawa da ita ba, ita ce kuwa ke karɓar yaron da ba shi da wurin zuwa.

Ɗalibi daga Najeriya ko Nijar ko Ghana zai iya nema?

Ƙwarai, kuma 'yan Afirka ta Yamma sun daɗe a cikinsu. Da yawa suna karɓar sakamakon WAEC, mai takardun Faransanci kuma sai ya fassara su ya nuna shaidar iya Turanci. Tallafin gwamnatin tarayyar Amurka ba ya shafar baƙo, don haka abin nema shi ne tallafin makarantar kanta, wanda ya fi samuwa ga mai sakamako mai kyau da ya nema da wuri. Na jihohi sun fi sauƙin kuɗi a kan irin su Howard da Spelman. Morehouse ta maza ce zalla, Spelman da Bennett na mata. Kafin a biya ko kwabo a tabbatar makarantar na da shaidar inganci mai aiki, a kuma bi ta ofishinta na ɗaukar ɗalibai kai tsaye, ba ta hannun dillali ba. Dokokin biza na sauyawa, sai a duba sanarwar ofishin jakadanci ta lokacin.

Wanda Allah ya kai shi, ya shirya jin tambayoyin da za su ba shi mamaki game da Afirka, ya kuma kiyaye harshensa daga maganar da wasu 'yan cirani ke yi cewa baƙaƙen Amurka malalata ne. Kujerar da zai zauna a kai, kakannin abokan ajinsa ne suka ƙona tubalin ginin da take ciki.